Kuɗin Norway a Damtsen Inna

Shekaru sun fara yi mini sata. Ɗaliban da na koyar sukan gaishe ni a kasuwa in amsa da fara'a, alhali ban san ko su wane ne ba. Amma akwai abu ɗaya da na tabbata ba zan manta da shi ba har a mayar da ni ƙasa, shi ne watannin da na shafe ina ja-in-ja da mahaifiyata a kan wata 'yar laya da ba ta kai akwatin ashana ba. A cikin layar nan kaɗai hanyar gano yayana take, Inna kuwa ta ce ba mai farke ta.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu a Gwandu, ni da yayana, shi ne ɗan fari. Duk wanda ya san mutanenmu ya san yadda uwa take da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna tana son sa a gaban jama'a. Inna “wancan” take ce masa, ko yana zaune a gabanta. Bayan rasuwar mahaifinmu ya ce zai tafi Ikko neman abin kansa. Ya durƙusa a tsakar gida, baffanninmu suna zaune, ya roƙi ta sa masa albarka. Inna tana tankaɗen gari, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, “Ba ruwana. Ga iyayenai nan.” Kowa a gidan ya san kunya ce ta yi magana, ban da shi. Washegari ya tafi ba sallama.

Shekara uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai wani mai fataucin albasa ya dawo daga Ikko da ambulan, ya ce wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya ba shi a bakin teku, ya ce a kai gidanmu. Takarda ɗaya ce a ciki, mai launi. Lokacin ina makarantar horon malamai ta kwana, ban gan ta ba. Da na zo hutu na tarar da sabuwar laya ta jar fata a damtsen Inna na hagu. Abin da ta ce mini kawai shi ne, “Wancan na da rai. Ya aiko.” Na yi murna, na ci tuwona, na koma makaranta. Ban tambayi komai ba, ni da ake kashe wa kuɗi don in iya karatu.

Aka yi shekara biyar a haka. Na gama, aka tura ni koyarwa wata firamare a Kalgo, lokacin duk muna cikin jihar Sakkwato. A nan ne ƙafafun Inna suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya ko rijiya ta je. A asibitin Birnin Kebbi aka ce zuciya ce, aka ba mu magani, amma yadda likitan ya kawar da ido na gane sauran zancen. Ranar da muka dawo gida na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Duk lokacin da ta zaci ba mai kallonta, sai ta kai hannu ta shafa layar nan. A ranar na ƙudura cewa ko ana ha-maza ha-mata sai na nemo mata ɗanta tun tana da rai.

Na ce, “Inna, mi anka ɗunke cikin layag ga?”

Ta ce, “Abin da ba naka ba.”

“In rubutu na, ki bari in karanta.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Tunda anka ruhe ta ban ji mugun labari ba. Ran da anka buɗe, ban san abin da ka biyowa ba. Kak ka sake yi min zancen ga.”

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan da take taƙama da shi ai a nono na sha shi. Na ce mata to, na fita na shiga cigiyar badukun da ya yi ɗinkin. Aka ce mini ya koma Kambaza da zama. Ranar Asabar na ari keke na tafi.

Na same shi a zaurensa, tsoho ne siriri mai ƙaramin gemu, fatun awaki rataye a bayansa, wurin duk warin jima. Da na faɗi ko ni ɗan wane ne, ya ajiye basilla ya ce ya tuna aikin sarai. Inna ce ta kawo masa takardar da kanta. Maƙwabta sun ce mata kuɗin waje ne ta kai a canza, ita kuwa ta ce abin da ya fito daga hannun wancan ba zai shiga hannun ɗan canji ba, a ɗinke mata shi ta ɗaura.

“Sai nig ga hoton mutum a jiki,” in ji shi. “Nic ce mata ba a salla da sura a damtse. Nis sa wuƙa nir raba ta biyu. Gehen da ad da hwarin wuri, inda anka yi rubutun biro layi ukku, shi nid ɗunke mata.”

Rubutun biro, layi uku, shekara biyar a damtsen Inna! Na ce, “Baba, ɗaya rabin fa? Ka yas?”

Ya dube ni kamar na zagi wani babba. “Kai da kay yi boko ba ka san ba a yada takarda mai rubutu ba? Wa yas san ko sunan Allah na ciki da harshensu?” Ya miƙe ya sauko da wata babbar ƙwarya daga inda take rataye. Cike take da guntayen takardu, duk wanda ya tsinta a hanya tun yana saurayi: yagaggun jaridu, shafukan littattafai, takardun shan magani. Muka zazzage a tabarma muka shiga tona. Sai bayan la'asar na ciro ta, rabin takarda mai santsi, da fuskar wani mutum da wasu kalmomi da ban san kansu ba. Ya ba ni bayan na yi masa alkawarin ba zan bar ta ta taɓa ƙasa ba.

A Kalgo na nuna wa duk wanda ya taɓa riƙe alli. Hedimastanmu ya juya ta gaba da baya ya ce kuɗin Jamus ne, ya faɗa da ƙarfin hali irin na wanda bai sani ba. Wani ya ce na Rasha ne. Na kai wa wani akawun banki a Birnin Kebbi, ya ce shi dai abin da ya sani yankakken kuɗi ba ya canzuwa. Na ce masa ba canji na zo ba, ƙasar nake nema. Ya ce in ba wa na bayana wuri.

A lokacin akwai masu haƙa rijiyar burtsatse da suka kafa sansani a bayan garin Kalgo, shugabansu Bature ne. Sau uku ina zuwa maigadi yana kora ta, ya ɗauka aiki nake nema. Na huɗun ban bi ta ƙofa ba. Na tambayi ƙauyen da suke haƙa a ranar, na je na tsaya a gefen injin tun hantsi, rana tana dukana, ƙara tana neman kurmantar da ni, har suka kashe shi don cin abinci. Baturen dogo ne, rana ta mayar da shi ja kamar gauta, yana zaune a kan durom yana ɓarar gyaɗa. Na haɗa Turancina na aji na gaishe shi, na miƙa masa guntun takardar.

Yana gani ya kwashe da dariya, sannan ya riƙe kai ya ce wane ne ya yi wa kuɗi wannan aika-aika. Ya ce kuɗin Norway ne, wata ƙasa can ƙarshen arewacin Turai, mai tsananin sanyi, mutanenta masunta ne da matuƙa jiragen ruwa. Shi mutumin Denmark ne, maƙwabtansu, a rubuce harsunansu kusan ɗaya ne. Daga nan sai bawan Allah ya gyara zama ya buɗe mini aji. Ya ce a can irin wannan takardar kuɗi seddel ake ce mata, su ma haka suke cewa. Kalmar kuma ba tasu ba ce tun asali. Daga harshen Latin na Rumawan dā ta fito, inda schedula ke nufin ɗan guntun takarda, irin wanda ake yi da wata ciyawar bakin kogi a yi rubutu a kai. Fataken arewacin Jamus da ke kai kaya garuruwan bakin teku su suka shigo da ita, ta sauya a bakin mutane. Da can duk ɗan guntun da aka rubuta saƙo a kai aka ba wani, sunansa ke nan. Da bankuna suka fara bai wa mutane guntayen takardu a madadin azurfa, sai sunan ya bi su, har yau.

Ni kuwa ina tsaye cikin rana ina cewa a raina, yau na ɗanɗani abin da nake yi wa 'ya'yan mutane. Ɗan'uwana nake nema, ana ba ni tarihin Rumawa. Amma na daure, don mai nema ba ya fushi. Da ya gama na ba shi labarin ɗaya rabin da layi ukun. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce layi uku a farin gefen takarda ba ya wuce suna, da titi, da gari. Ya mayar mini da guntun ya ce, “Ka ga, kafin a san ta da kuɗi, da saƙo aka san ta. Ɗan'uwanka saƙo ya aiko muku. Wanda kuwa ya rubuta adireshinsa, amsa yake jira.”

Maganar nan ta tsaya mini a ƙahon zuci. Ranar Juma'a ana tashi daga makaranta na shiga mota, na sauka Birnin Kebbi na sake wata zuwa Gwandu. Na zayyana wa Inna komai, ƙasar, da sanyinta, da abin da Baturen ya ce. Ta saurara tsaf, har ta tambaye ni ko akwai Musulmi a can. Da na zo kan batun farke layar sai ta ja mayafi ta rufe damtsenta. Haka muka yi ta yi, kowace Juma'a in zo, in kawo dalili sabo, ta ba ni fura ta ce in gaida mutanen Kalgo. Na turo mata baffanmu, ta ce masa to, ba ta yi ba. Na turo limamin unguwa, ta ce masa Allah ya ba da lada. Ƙafafun kuwa kullum ƙara hawa suke.

Zan faɗi abin da na yi ko da ba ya yi mini daɗi. Wata Asabar da azahar ta kwance layar ta ajiye a kan turmi za ta yi alwala. Reza tana aljihuna tun daga Kalgo, don kada in yi wa kaina ƙarya in ce tsautsayi ne. Na lallaɓa na ɗauka, na juya zan nufi zaure. Ban ji ta yi ihu ba. Muryarta a ƙasa ta ce, “Kai ma ɗauka za ka yi ka tahi ba sallama?” Na tsaya kamar an kafe ni. Na dawo na durƙusa na ajiye mata a inda na ɗauka, ta gama alwalarta ta ɗaura abarta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba.

Amma ban fasa ba, dabara na sauya. Na koma Kambaza na faɗa wa tsohon baduku duk abin da ya faru, har da rezar. Ya yi mini faɗa son ransa, ya ce ɗinkin da aka yi da basilla ba a buɗe shi da reza sai ɓarawo. Sannan ya shiga murza zare a cinya. Can ya ce, “Ni niy yanke takardag ga, da hannuna cikin lamarin. Ɗauke ni mu tahi.” Na goya shi a keke har Gwandu, jakar kayan aikinsa a wuyansa, yana yi mini gargaɗi a kan kowane rami.

Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna suka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta tsofaffi. Sannan ya ce, “Innar yara, ni nid ɗunke abin ga. Ban tohwa komi ba, ba aya ciki. Hwata ta da zare. In kin yarda, a tahin hannunki za ni warware ta, ba ta barin hannunki. Yaro shi duba da ido, ba shi taɓawa. In ya gama in maida zare ramin da yah hito, ko ke ba ki gane an buɗe.”

Inna ta juya fuskarta ga bango, sannan ta faɗi abin da wata huɗu ban gano ba: “In ya rubuta kar a neme shi fa?”

Ashe ba zaren take tsoro ba. Tun ranar da ya tafi take zaton ya tafi da fushinta, kuma gara mata ta zauna cikin rashin sani da a karanta mata hakan a gaban mutane. Na ce, “Inna, wanda ba ya son a neme shi ba ya aiko da komi.” Tsohon ya ce, “In ma haka yar rubuta, mu ɗunke mu yi shiru. Mu ukku na, kuma biyu cikinmu sun kusa.” Inna ta yi wata 'yar dariya ba da niyya ba. Ta kwance layar ta ɗora a tafin hannunta ta miƙo, fuskarta tana bango.

Da bakin basilla ya riƙa zaro zaren, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, bai tsinka ko guda ba. Ya buɗe fatar, ya warware farin zaren da ya naɗe takardar da shi, ya shimfiɗa ta a hannunta. Zufar shekara biyar ta shiga, takardar ta yi ruwan ƙasa, biron ya nashe. Layin farko sunan yayana ne, da irin rubutunsa na wanda ya bar makaranta a aji huɗu. Na uku sunan gari, ya fito sosai. Na tsakiya rabinsa ya tafi. Na kwafe harafi-harafi, har da waɗanda nake shakka. Na ce, “Inna, sunanai na da inda shike. Ba wani abu.” Ta juyo da fuskarta daga bango. Tsohon ya mayar da ɗinkinsa kamar yadda ya yi alkawari, ya ƙi karɓar ko goro.

Na kai wa Baturen abin da na kwafa. Ya ƙura masa ido, ya cike haruffan da suka ɓace da abin da ya ga ya fi kama da sunan titi a can. Ya kuma rubuta a bayan ambulan da harshensu cewa duk wanda wasiƙar ta faɗa hannunsa ya taimaka ya isar, uwar mutumin ba ta da lafiya. Na sa adireshin makarantarmu, na kai gidan waya da kaina. Mako bakwai ina damun hedimasta da tambaya har ya fara ɓuya in ya hango ni. A na takwas ya shigo ajina da ambulan mai shuɗi da ja a gefe, ya ce in je, shi zai riƙe mini yaran.

Ashe yayana ya daɗe da barin gidan da ke adireshin, tsohuwar da ta ba shi haya ce ta bi sawu ta kai masa. Ya bar aikin jirgi, yana wata masana'antar gyaran kifi. A ɗakin Inna na karanta, ni da ita kawai. Ya ce ya san ba mai karatun boko a gida a lokacin, ya kuma san Inna ba za ta ɗauki wasiƙar ɗan fari ta kai wa maƙwabci ya karanta mata ba. Shi ya sa ya rubuta a jikin kuɗi, don kuɗi dole a kai shi banki, akawu zai gani ya faɗa. Bai ƙara ko gaisuwa ba don yana so ya ga ko za a neme shi. Ya ce, “Shekara biyar ina duba akwatin wasiƙa. Da na ji shiru sai na ce ashe abin da Inna ta faɗa a tsakar gida har zuciyarta ne.”

Inna ta ce, “Shekara nawa yac ce?”

Na ce, “Biyar, Inna.”

Ta ce, “Ni ina nan ina ganin ina riƙe da shi, shi yana can yana jira.” Sai hawaye. Ban taɓa ganin ta yi kuka a kansa ba, ko ranar da ya tafi. Ta share da gefen mayafi ta ce in ɗauko alƙalami. “Rubuta. Ban taɓa hushi da kai ba, ko na yini guda. Kunya ta. Allah shi yi ma albarka, duniya da lahira.” Na rubuta, na ce ko akwai ƙari. Ta yi tunani ta ce, “Ka ce mai shi riƙa sa riga mai kauri.”

Wasiƙar ta isa. Ya amsa cewa yana haɗa takardun tafiya, zai zo da kaka. Inna ba ta kai kaka ba, ta rasu gero yana fitar da kai. Ya iso bayan an yi sadakar arba'in, da furfura a gemunsa, Hausarsa tana ɗan tuntuɓe. Na raka shi maƙabarta. Ya daɗe a tsugune yana addu'a, da ya miƙe ya riƙe kafaɗata ya ce, “Da ka ƙyale ta yadda ta so, da yanzu ina tsaye nan ina zaton ta tafi tana fushi da ni.” Ni kuwa abin da nake lissafawa daban ne. Da na yi tambayar nan tun hutun da na fara ganin layar, da sun yi shekara biyar suna gaisawa, da wataƙila ya same ta a zaune.

Ban raina kunya ba, da ita aka rene mu, kuma ado ce. Amma abin nan ya koya mini cewa ƙaunar da aka ɓoye, wanda ake yi dominsa bai san da ita ba, yana iya ɗaukarta ƙiyayya ya rayu a kan haka. Ya kuma koya mini cewa idan kai ne mai ido a gida, tambaya aikinka ce, ko za a harare ka, kuma a yi ta da wuri. Na nace har na isar da albarkar uwa ga ɗanta, ina gode wa Allah a kan haka. Amma na makara da shekara biyar, kuma ba wanda zai mayar mana da su.